Gangar Tokmakli Ta Tsaya a Gidan Zekir

Idan ka hau tsaunukan Rodop yau, ka kai mashigin da muke kira Maƙogwaro, ba za ka tarar da Tokmakli ba. Idon ruwa za ka gani yana zuba ba mai ɗiba, da guntun hasumiya, da itatuwan tuffa da suka koma na daji. Jikokin garin, masu son a tausaya musu, cewa suke yi yaƙi ne ya tashe mu, wasu su ce annoba. Ƙarya suke yi, wallahi. Ganga ce ta kafa garin nan, ita ce kuma ta ga bayansa, sai dai Nefize matar Zekir ta ɗan taya ta.

Asalin abin, shekara ɗari uku da wani abu ke nan, wani Sarkin Istanbul ya biyo ta Maƙogwaro da rundunarsa, hazo ya rufe su ruf, har alfadarin da ke ɗauke da tukwanen girkin sarki ya ɓace. Can sama akwai wani makiyayi, Deli Yahshi, yana ta jibgar ganga don tsoron kyarkeci. Runduna ta bi sautin ta fita. Sarki ya ji daɗi, ya ba shi takarda mai hatimi: shi da zuriyarsa su zauna a nan ba haraji, muddin ana kaɗa ganga sau uku a yini matafiya su san hanya lafiya take. Kakanninmu suka ɗauki abin da aka yi don tsoro suka mayar da shi jarumtaka. Kafin a yi jika biyu har an fara cewa Deli Yahshi shi kaɗai ya kori 'yan fashi saba'in.

Gida arba'in muka kai a zamanin da muke mutane. Ganga kuwa ɗaya ce, tana zagawa gida gida, mako guda a kowanne. Mai mako zai hau kan dutsen Maƙogwaro da hantsi, da azahar, da la'asar, ya yi kiɗan hanya. Idan akwai baƙo mai gangarawa, sai ya juya zuwa kiɗan rakiya, ba ya ɗaga hannu sai baƙon ya ƙetare gadar da ke can ƙasa, don kada hazo ya ɓatar da shi. Ɗan gari ba a yi masa rakiya, ai ya san hanya. Miƙa ganga kuwa a bakin idon ruwa ake yi, bayan an sallame sallar Juma'a, ba kafin nan ba, ba wata rana ba. Mai bayarwa ya ce, "Hanya lafiya." Mai karɓa ya ce, "Na ɗauka." Wanda ke bin mai karɓa a zagaye ya ɗora hannu a kan fatar, ya rantse zai tsaya a nan Juma'a mai zuwa.

Sai babbar doka. Duk gidan da ganga take, ba mai kwana a wajen gari, daga maigida har duk wanda ke ci a tukunyarsa. An ce a zamanin kakanni wani Topal Hasan ya taka dokar ya tafi biki a kwari, kafin ya dawo jaririn 'yarsa ya mutu a shimfiɗa. Tun daga nan kowa ya san abin ba ya taɓa mai laifi, mafi ƙanƙantar jininsa yake nema. Ba wanda ya taɓa tambaya ko jaririn da ma ba shi da lafiya.

Ana nan aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a kwari. To wa zai ƙara hawa dutse da alfadari, alhali ga ƙarfe yana kai shi birnin Edirne yana gyangyaɗi? Shekara sha ɗaya ba matafiyi ko ɗaya da ya ratsa Maƙogwaro, in ban da Stoyan, wani Kirista Babulgare mai alfadarai da ke kawo gishiri da kananzir duk Asabar. Shi kuwa ido rufe ya san hanya, har roƙo ya yi a daina yi masa kiɗa don ana firgita masa dabbobi. Takardar sarki ma hukuma ta soke ta tun Zekir yana saurayi. Jami'i ya hau ya karanta sokewar a ƙofar masallaci, dattawa suka saurara da ladabi, suka ba shi gahawa, da ya juya suka yi masa kiɗan rakiya mai kyau. Haraji suna biya, ganga suna kaɗawa.

Sai mutane suka fara zamewa. Ba wanda ya ce ya gaji da garin, a'a, kowa zai je ya dawo ne. Amma kowa ya iya lissafi da yatsu: ka miƙa ganga ranar Juma'a, Asabar ka ɗaure kaya. Arba'in ta koma ashirin, ashirin ta koma tara. Gangar da a da kake gani sau ɗaya a shekara ta koma tana leƙo ka kowane wata kamar surukar da ba ta da ɗaki. A kakar da nake ba ka labari, maza huɗu suka rage a garin: Hoja Lutfi liman, wanda ba ya cikin zagaye, da Zekir, da Muharrem mai bi masa, da Shaban mai bin Muharrem.

Nefize ba 'yar Tokmakli ba ce. Daga wani ƙauye na bayan dutse aka kawo ta shekara talatin da huɗu da suka wuce, kuma har yau ba ta yafe wa kowa ba. Gangar ma ba ta kiranta da sunanta, sai dai "fatar akuyarku". Mijinta Zekir mutum ne wanda in ka ce masa ruwa yana hawa dutse zai ce, "To." Abu ɗaya aka san shi da shi: bai taɓa makara da kiɗa ba, ko ana ruwa ko yana zazzaɓi. Matan garin da kiɗansa suke ɗora tukunya.

'Ya'ya uku Nefize ta binne a bayan masallaci kafin Rustem ya tsaya mata. Rustem yanzu yana aiki a tashar jirgi a Edirne da gidansa da tukunyarsa, kuma ya aiko Stoyan da saƙo: matarsa tsakiyar hunturu za ta haihu, ba ta da uwa, Inna ta zo. Tun ranar Nefize ba ta da wata magana. Ita za ta karɓi jaririn nan da hannunta, ita za ta yi masa wankan farko, ko da rarrafe za ta je. Matsalar ita ce ƙanƙara. In ta sauka, Maƙogwaro yana toshewa wata biyar cur, kuma Stoyan ya riga ya faɗa, Asabar biyu suka rage masa ya daina hawa.

Ta yi lissafinta, ya fito mata tas. Juma'ar nan Zekir zai karɓa, mai zuwa ya miƙa wa Muharrem, Asabar ta ƙarshe su hau alfadari. Ganga ta tsaya a wuyan Muharrem, wanda matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a kwari da yara biyar, ba shi da halin taka doka. Kowa a garin ya yi wannan lissafin. An riga an fara yi wa Muharrem kallon mamaci, ana kai masa cuku da tuwon masara ana ce masa Allah ya ba da haƙuri. Shi kuwa yana karɓa yana sharar ƙwalla, yana lashe kwano.

Ranar Juma'ar da Zekir ya ɗauki ganga, Muharrem ya ɗora hannu ya yi rantsuwarsa, sannan da la'asar ya tarar da Nefize a idon ruwa tana wanke tulu.

"Nefize Hanim, kin ji daɗinki. Mako ɗaya, sai Edirne."

"Allah ya ba ka haƙuri, Muharrem Aga. Zan bar maka wake da tulun kabeji."

"Na gode, na gode. Ni dai ƙafafunki nake tausaya wa." Ya sosa gemu. "Alfadaran Stoyan biyar ne, ko ba haka ba? Shaban ya ce shi ma sai Asabar ta ƙarshe, wakensa bai bushe ba. Masaƙar matarsa Gulizar, adakokinta, uwar mijinta, uku ke nan. Hoja da littattafansa, biyu. Amma ba komai, ke ai jaruma ce, za ki taka da ƙafa."

Ya wuce yana tari irin na marayu. Nefize ta tsaya, ruwa yana cika tulu yana zuba mata a ƙafa ba ta sani ba. Uku da biyu biyar. Ita ta bi duwatsun nan da ƙafa, da gwiwoyin nan nata, kayanta a ka, Gulizar tana bisa alfadari tana waigenta? Ko a mafarki!

Ba ta ko shiga gida ba, ta zarce wurin Gulizar matar Shaban. Ta same ta tana baza wake a tsakar gida.

"'Yar'uwa, ni ban faɗa miki komai ba, kin ji?"

Gulizar ta saki matankaɗi. Duk duniya ba maganar da take so irin wadda ba a faɗa mata ba.

"Kin ji tarin Muharrem? To na ƙarya ne. Shiri yake yi. Ranar Juma'a zai kwanta ya ce ciwo ya kayar da shi, ba zai iya zuwa idon ruwa ba. In mai jira ya kasa tsayawa, ganga wa take tsallakawa ta samu?"

Gulizar ta dafe ƙirji. "Shaban!"

"Ni dai ban ce ba. Ki ci gaba da shanya wakenki, zai yi muku amfani. Wata biyar ba kwana biyar ba ne."

Washegari Asabar, kafin Stoyan ya gama sauke gishiri, kayan Gulizar suna ƙofar gida a ɗaure, ɗanyen wake an ɗura shi a buhu haka nan. Shaban yana tsaye da igiya a hannu kamar wanda aka tasa daga barci.

"Ke Gulizar, tsaya mana. In na tafi, Juma'a fa..."

"Juma'ar ce za ta kama mu, sakarai! Ɗaga mini masaƙar nan!"

Hoja Lutfi ya fito yana jan takalmi, ya ɗaga yatsa zai yi magana. Nefize ta tare shi da kwanon madara mai ɗumi, ta ce ya sha don ƙirjinsa, ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Hoja mutum ne da in cikinsa ya ɗumama yakan manta abin da ya fito da shi. Wanda ya fi kowa aiki a ranar Muharrem ne. Shi ya ɗaure adakoki, shi ya ɗaga tsohuwa ya ɗora ta a kan alfadari, har ya raka su bakin gari yana ɗaga hannu. Nefize ta ce a ranta, bawan Allah, zuciyarsa fara ce, bai san ma da sunansa aka yi aikin ba.

Zekir yana kan dutse duk wannan bidirin. Da ya sauko bayan kiɗan la'asar ya ga gidan Shaban a buɗe.

"Shaban ya tafi?"

"Ya tafi. Ka gode wa Allah da ya ba ka mace mai kai. Na samo mana alfadarai uku."

Ya dube ta, ya dubi gangar da ke rataye a kafaɗarsa. Ya buɗe baki.

"Kada ka fara mini. Wanke hannu ka ci abinci."

"To," in ji Zekir.

Makon nan Nefize ta yi shi kamar amarya. Ta wanke barguna, ta naɗe 'yan rigunan ulu da ta saƙa wa jariri, ta kai wa Muharrem tulun kabeji da buhun wake har gida, ta ƙara masa da nasiha a kan haƙuri. Zekir yana hawa yana sauka, bai ƙara cewa komai ba. Ita kuwa shirunsa ba sabon abu ba ne a wurinta, ko kallo bai ishe ta ba.

Ranar Juma'a ta yafa babban mayafinta ta je ta tsaya nesa kaɗan da idon ruwa, don ta ga da idonta an sauke mata fatar akuya daga wuya. Mata ba sa shiga masallacin Juma'a a garinmu, saboda haka abin da ake yi a ciki bai taɓa damunta ba. Amma ta san ana daɗewa. Yau ko ba a yi nisa ba sai ga su sun fito, Hoja a gaba yana kallon ƙasa, Muharrem yana biye yana jan carbi, Zekir a baya da ganga.

Suka zo idon ruwa suka tsaya. Ba wanda ya ce "Hanya lafiya."

"To, me ake jira?" in ji Nefize. "Miƙa masa mana!"

Hoja ya yi gyaran murya. "Nefize Hanim, ba a yi Juma'a ba. Azahar muka yi."

"Kamar yaya ba a yi ba? Yau Talata ce?"

"Juma'a ba ta tsayuwa sai da liman da maza uku a bayansa. Na waiwaya na ga biyu. Shaban ne na ukun."

Sai a lokacin ta ji abin ya sauka mata har tafin ƙafa. Ta ƙirga alfadarai, ta ƙirga adakoki, ta ƙirga Asabar, ba ta ƙirga sahu ba. Ta dubi Muharrem. Munafukin yana kallon sama yana motsa leɓe, wai zikiri yake yi.

"Hoja Efendi, sallah ai sallah ce. Kun yi ruku'u, kun yi sujada. A miƙa!"

"Bayan Juma'a aka ce," in ji Muharrem a hankali. "Ni na rantse zan tsaya a nan yau, ga ni na tsaya. Wallahi na zo da niyyar ɗauka, har na share mata wuri a ɗaki. Amma in taka abin da Deli Yahshi ya kafa? Ina! Ina da jikoki."

"Kai ne ka ce mini alfadarai biyar!"

"To shida ne?"

Ta juya kan liman. "Ku koma ciki. Ni zan tsaya a sahu. A ba ni wandon Zekir da rawani, gemu ma ina da 'yan ƙwayoyi."

"Subhanallahi!" Hoja ya ja da baya. "Ko mata ɗari ne ba sa cika lissafin nan."

"Stoyan fa? Gobe zai zo. Ku yi Juma'arku gobe, ya tsaya a baya ya yi shiru."

"Kirista? Ranar Asabar? Haba, Hanim, ki ji tsoron Allah!"

"Kai ka ji tsoronsa! Ranar da Shaban zai tafi ina bakinka yake?"

"Yana cikin madararki," in ji Muharrem.

Da Zekir bai riƙe mata mayafi ba, da ranar an yi jana'iza a Tokmakli, ita kuwa jana'iza ba ta buƙatar maza uku. Hoja ya yanke hukunci yana ja da baya: rantsuwar Muharrem ta mako ɗaya ce, ya cika ta, ya fita. Ganga tana hannun wanda take hannunsa har ranar da aka sake yin Juma'a a garin. Yaushe ke nan, bai faɗa ba. Shi ma kayansa a ɗaure suke.

A gida ta zazzage wa Zekir kwandon masifa tun daga kakansa na bakwai. Ya sani tun ranar Asabar, me ya hana shi magana? Ya ce ta ce kada ya fara. Wannan amsa ta ƙara tunzura ta, don gaskiya ce. Da ta gaji ta zauna a kan ƙullin barguna tana haki.

"Mu tafi kawai," ta ce. "Ka rataye tsiyar nan a masallaci mu bi Stoyan. Shekara sha ɗaya kuna yi wa duwatsu kiɗa. Wa zai sani? Wa ya damu?"

"To," in ji Zekir. "Sai dai jaririn Rustem."

Ta buɗe baki za ta ce Topal Hasan tatsuniya ce. Shekara talatin da huɗu tana faɗin haka a garin nan da ƙarfi, a gaban kowa. Yau maganar ta ƙi fita. Ta tuna ƙananan kaburbura uku a bayan masallaci, ta dubi 'yar rigar ulu da ke leƙowa daga ƙulli.

"Ban yarda da shi ba," ta ce. "Ƙarya ce tsagwaronta. Amma ba da jikana zan gwada ba."

Ta tashi ta fara kwance kaya ɗaya bayan ɗaya, tana kuka, kukan baƙin ciki da haushin kanta, don ta san ba Muharrem ne ya ɗaure ta ba, ita ta kai masa igiyar. Zekir ya tsaya yana kallonta har lokacin la'asar ya yi, ya ɗauki ganga ya hau dutse.

Da safe Stoyan ya iso da alfadaransa biyar, yana ta kallon sama yana cewa a yi sauri, iskar nan ba ta yi masa ba. Hoja ya cika biyu da littattafai. Muharrem ya ɗora kayansa a ɗaya, har da tulun kabejin Nefize da buhun wakenta, ko kunya babu. Biyu suka rage ba kaya. Nefize tana bakin ƙofa da ƙullin rigunan jariri, za ta ba Stoyan ya kai.

Sai ga Zekir ya fito daga ɗaki yana jan kayanta. Shi ya sake ɗaure su da kansa, ɗaurin banza, hannun riga yana lilo ta gefe. Ya ɗora a kan alfadari.

"Kai, me kake yi? Ka haukace?"

Bai kula ta ba. "Hoja Efendi, ina da tambaya. Matar da aka saki, a tukunyar wa take ci?"

Hoja ya ƙifta ido. "To... ba ta mijin ba dai, in an bi ta wani fannin."

"Muharrem Aga, ka zama shaida." Zekir ya juyo ya dubi Nefize sosai, abin da ya daɗe bai yi ba. "Nefize 'yar Idris, na sake ki, saki ɗaya."

Nefize ta saki ƙullin rigunan jariri.

"Ka sake ni? Kai? Da wane bakin?"

"Idda fa?" in ji Muharrem, don shi ba ya ganin rami ya ƙi tura mutum. "Ai a gidan miji ake yin ta."

Hoja ya ɗaga kai ya dubi gajimaren da ke taruwa a kan Maƙogwaro, ya dubi littattafansa da ba a lulluɓe ba. "A halin lalura," ya ce da sauri, "malamai sun yi sauƙi. Ta yi a gidan ɗanta." Ka ji fa. Malamin da jiya ya kasa samo sauƙin mutum ɗaya a sahu, yau ya samo shi kafin a ƙifta ido.

Nefize ta matso kusa da Zekir, muryarta ta yi ƙasa. "Ba na so. Mayar da maganarka."

"Ba ni da ikon mayarwa sai kin ƙetare gada. In kin ƙetare kuma ba za ki ji ni ba."

"Wa zai dafa maka? Kai da ko ruwan zafi sai ka ƙona?"

"Zan koya. In ƙanƙara ta narke ki turo liman da maza, a yi Juma'a, in miƙa, in zo in sake neman aurenki. In kin yarda."

"Ban yarda ba! Kuma wa zai karɓa? Wane wawa ne zai hau dutsen nan ya ce ya ɗauka?"

"To," in ji Zekir.

Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta juya fuu ta nufi alfadarin Muharrem, ta fizge tulun kabeji, ta jawo buhun wake ya faɗo ƙasa, ta ja su da kanta har cikin ɗaki. Ta fito tana nuna Zekir da yatsa tana jero masa umarni. Ya jiƙa wake tun dare. Kada ya sa gishiri sai ya yi laushi. Safar ulu tana ƙarƙashin shimfiɗa. In ya hau dutse ba hula ya mutu, kada ya kuskura ya zo mata a mafarki. Yana cewa to, to, har Stoyan ya kama ta ya ɗora a kan alfadari.

Sun fara gangarawa ke nan, hazo ya taso daga kwari, sai ganga ta tashi a bayansu.

"Yau Zekir ya yi gaggawa," in ji Hoja. "Hantsi bai yi ba."

Muharrem ya karkata kunne. "Ba kiɗan hanya ba ne wannan. Rakiya ce. Tsufa ya kama shi, ai ba a yi wa ɗan gari..."

Bai ƙarasa ba. Su biyun suka waiwayo suka dubi Nefize, 'yar bayan dutse, wadda tun ɗazu ba ta da gida a Tokmakli. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Stoyan, wanda ya tsani kiɗan nan, ya dai riƙe linzami da kyau.

Kiɗan ya bi su lanƙwasa bayan lanƙwasa, bai yi sauri ba, bai yanke ba. Shekara sha ɗaya ba a yi shi ba, amma hannun bai manta ko bugu ɗaya ba. Suka kai gada, kofatai suka yi ƙara a kan katako, suka ƙetare. A nan doka ta ce a ɗaga hannu. Ganga ta ci gaba.

Nefize ta juya a kan alfadari ta ɗaga murya iya ƙarfinta. "Na ƙetare, wawa! Na ƙetare! Je ka sa hula!"

Ina zai ji? Suna shiga kwari ƙanƙarar farko tana sauka, ana jin kiɗan sama sama har dutse ya tare shi.

Tsakiyar hunturu matar Rustem ta haifi 'ya mace, ƙatuwa, mai ƙarar murya. Nefize ce ta karɓe ta, ita ta yi mata wankan farko. Mutanen Tokmakli da ke Edirne suka zo barka, Muharrem a gaba, suka leƙa jaririya suka ce, kin gani ko, lafiya lau, ai dokar kakanni ba wasa ba ce. Da tsintsiya ta raka su har titi.

Da ƙanƙara ta narke ta bi su gida gida tana neman liman da maza uku. Hoja Lutfi ya samu masallaci kusa da kasuwa, ba zai iya barin jama'a ba. Shaban, Gulizar ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofa. Muharrem bayansa ya riƙe. A ƙarshe ita da Rustem kaɗai suka bi Stoyan, da tulun kabeji sabo da hular ulu da ta saƙa.

Sun iso gada daidai hantsi. Nefize ta ce a tsaya. Ta sauka, ta zame mayafi daga kunnenta, ta fuskanci Maƙogwaro. Ruwa yana gudu a ƙarƙashin katako, wani tsuntsu yana kuka a cikin itatuwa. Suka daɗe a tsaye.

"Ya makara," ta ce. "Haka yake, sai an tsaya a kansa. Mu jira azahar."

Rustem ya san ubansa bai taɓa makara ba. Ya sauke tulun daga kan alfadari, ya zo ya zauna kusa da ita a bakin gadar.